Yadda Za Ka Haɗa Wa Hoto Firam da Hannunka Ba Tare da Ka Cuce Shi Ba

Hoton mahaifinmu guda ɗaya tak ya rage mana daga lokacin samartakarsa: baƙi da fari, yana tsaye da hula zanna, hannunsa riƙe da keke. Ya fi shekara 30 a rataye a ɗakin mahaifiyarmu. Ran da igiyarsa ta tsinke ya faɗo, gilashin ya tsage, na ɗauko shi da niyyar in sauya gilashi kawai. Ina buɗe baya na tarar hoton ya kama gilashin gam, tun daga ƙirji har ƙasa. Na ja shi a hankali, amma fatar hoton ta bi gilashin ta bar min farar takarda. Fuskarsa ta tsira. Hannayensa da keken sun tafi. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Wanda ya haɗa wannan firam ba mugunta ya yi ba, abin da aka saba ya yi: a kifa hoto a kan gilashi, a danna masa kwali a baya, a buga ƙusa, a miƙa wa mai kaya. Fuskar irin waɗannan hotuna na wanki an shafe ta da jelatin, wani abu mai shan danshi. Damina ta zo ya yi laushi, rani ya zo ya bushe, kuma duk abin da ya tarar a jikinsa lokacin bushewa shi zai kama. Wannan asarar ce ta sa na koyi aikin. Abu biyu nake so ka riƙe tun daga nan, don duk sauran bayanin a kansu ya hau: kada fuskar hoto ta taɓa gilashi, kuma kada ka yi wa hoto wani abu da ba za a iya warware shi gobe ba. Kyan katako da fenti a baya suke zuwa.

Na san akwai gidajen da ba a rataye hoton mai rai. Hanyar ɗaya ce ga zayyana, da takardar shaidar kammala karatu, da hoton Ka'aba ko na gari, don su ma takarda ce, kuma abin da ke cin hoto yana cin su.

Abin da ke cikin firam

In ka lissafa daga gaba zuwa baya, hawa biyar ne. Gilashi, sai kati mai taga wanda ke zagaye hoton, sai hoton kansa, sai katin shimfiɗa da hoton ke kwance a kai, sai allon baya. Katako ne ke riƙe su duka. Mutane da yawa sun ɗauka katin taga ado ne. Aikinsa na ainihi shi ne ya tsaya tsakanin hoto da gilashi. Kaurinsa wajen milimita 1.5 ne kawai, amma wannan ɗan ratar ita ce da ta ceci hoton mahaifina.

Wajen sayen kati ne ake yawan faɗawa rami. Kwalin taliya da na sabulu, da arhan katin nan mai launin toka a ciki, duk daga niƙaƙƙen itacen da ba a tace ba aka yi su. Suna fitar da asid sannu a hankali, shi ne ke sa ka ga tsohon hoto ya yi ja-ja a gefe kamar an haska masa wuta. Ka nemi katin da aka rubuta cewa ba shi da asid, a shagunan kayan zane. Mafi kyau shi ne na auduga zalla. In bai samu ba, ka sayi takardar zanen ruwa mai kauri, irin ta Fabriano ko Canson mai giram 300, ka shimfiɗa ta a duk inda hoton zai taɓa wani abu, gaba da baya. Ba ta kai katin gaske ba, amma ta yi wa kwali nisa.

Allon baya kuwa, ni na fi son farar robar nan mai ramuka a ciki kamar bututu a jere, wadda masu buga allunan talla ke amfani da ita. Gara ba ta cin ta, ba ta shan ruwa, ba ta da nauyi. Filawud da silin-bod suna kumbura da damina, kuma gam ɗin da ke jikinsu yana fitar da wari mai illa ga takarda.

Gilashi mai kaurin milimita 2 shi ne na hoto. Mai milimita 3 na taga ma yana yi, sai dai nauyi. Akwai wanda ke tare kusan kashi 99 cikin 100 na hasken rana mai kashe launi, yana da tsada, kuma ba kowane hoto ne ya cancance shi ba. Kada ka ce za ka yanka gilashi da kanka a karon farko. Kai wa mai yankan gilashi awo, ka roƙe shi ya goge maka bakin.

Kayan aiki ba su da yawa: zarto mai ƙananan haƙora, akwatin yankan kusurwa (mai tsagar da ke riƙe zarto a karkace), sukwaya ta gwada kusurwa, rula ta ƙarfe, wuƙar yankan kati da sababbin reza da dama, fensir, sandfefa, farin gam na kafintoci irin Top Bond, siraran ƙusoshi, filaya, da tsohon tib na keke da za ka tsaga ya zama igiyar ɗauri.

Awo

Tun ran gini ran zane. Kuskuren milimita 3 a nan zai bi ka har ƙarshe, saboda haka ka zauna da biro da takarda kafin ka taɓa wuƙa.

Mu ɗauki hoto mai faɗin santimita 20 da tsawon 25, kusan girman nan da masu wankin hoto ke kira takwas da goma. Tagar kati dole ta ɗan gaza hoton, don ta danne gefensa. Ka rage milimita 5 ta kowane ɓangare, taga ta zama 19 da 24. Sai faɗin gefe: santimita 5.5 a dama, 5.5 a hagu, 5.5 a sama, amma 6.5 a ƙasa. Ƙarin nan na ƙasa da gangan ne. In gefe huɗun suka yi daidai, ido yana ganin kamar hoton ya zame ƙasa. Ka haɗa lissafi, kati ya tashi 30 da 36. Wannan shi ne awon gilashi, da katin shimfiɗa, da allon baya, dukkansu.

Shawarata, kada ka yi rowar gefe. Siririn gefe yana matse hoto, ya sa ya yi kama da fasfo. Ƙaramin hoto ma ya fi fitowa a cikin yalwataccen fili. Launi kuma, fari mai ɗan ratsin madara ya fi zama lafiya da kusan kowane hoto.

Cikin firam ɗin zai ɗara wannan awo da milimita 3, wato 30.3 da 36.3. Katako da takarda suna motsi da yanayi. In ka matse su, ko dai kati ya gantsare ko gilashi ya tsage.

Katako

A Kano, 'Yan Katako ta Na'ibawa za ka nufa. A Jos da Yamai akwai kasuwannin da sunansu ma Katako. Obeche yana da laushi da sauƙin yanka, shi ya sa ake fitar da shi Turai don yin firam, sai dai ƙwari na son sa. Madaci ya fi ƙarfi da kyan launi, amma zai gwada maka zarto. Ko wanne ka zaɓa, ka tabbata busasshe ne. Ɗanyen katako yana tsukewa da hunturu, sai ka wayi gari kusurwoyin da ka haɗa da kyau sun buɗe baki ta ciki.

Ka sa mai inji ya fere maka shi faɗin santimita 3, ya kuma zaftare kwarmi a bayan gefe ɗaya, inda gilashi zai zauna. Faɗin kwarmin milimita 6 ko 7, zurfinsa aƙalla 12. Gilashi da kati biyu da allon baya za su cinye wajen 8, ragowar na ƙusoshi ne. Tsawon da za ka saya: ka haɗa gefe huɗu, 133.2 ke nan a misalinmu, ka ƙara faɗin katakon sau 8, wato 24, saboda abin da kusurwoyi ke ci. Ya kama 157 da ɗoriya. Ka sayi mita 2, don yankan farko ba kasafai yake fita daidai ba.

Ga wurin da sababbin hannu ke ruɗewa. Firam yana da awo uku: na waje, na bakin da ido ke gani, da na cikin kwarmi. Na cikin kwarmin ne naka. Ka yanke kai ɗaya a kan digiri 45, ka kifa katakon, ka sa tef ɗin awo daga inda yankan ya ratsa bangon kwarmin, ka auna 30.3, ka yi alama a nan, ka yanke ɗaya kan da karkata ta kishiya. Ka riƙe katakon da ƙarfi a jikin akwatin, ka bar zarto ya ci da nauyin kansa, kada ka danna.

Gefe biyu masu fuskantar juna dole tsawonsu ya zama ɗaya sak. Ka jera su baya da baya, ka shafa yatsa a kan tsinin. Yatsa yana jin bambancin da ido bai gani ba. In ɗaya ya ɗara, ka manna sandfefa a kan lafiyayyen falanki ka goga bakin a kai, ba tare da ka karkata hannu ba. Ka jera huɗun a tebur babu gam ka duba. In haske na ratsa wata kusurwa, gyara ta yanzu. Gam ba ya cike gurbin mummunan yanka.

Bakin da aka yanka yana shanye gam kamar yashi, don haka sau biyu ake shafawa. Ka shafa siriri, ka jira minti biyu ko uku, ka ƙara, sannan ka haɗa. Ka zagaye firam ɗin da robar tib, kana ja daidai wa daida, da guntun kwali a kowace kusurwa don kada roba ta yi shaida. Sai ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka auna ɗaya hanyar. In awon biyu ya zo ɗaya, firam ya miƙe. In bai zo ba, ka ɗan matsa doguwar hanyar har su daidaita. Ka goge gam ɗin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, ka bar shi ya kwana. Washegari ka huda ƙananan ramuka ka buga siraran ƙusoshi bibbiyu a kowace kusurwa, ta sama da ta ƙasa, inda mai tsayuwa a gefe ba zai gani ba.

Sai sandfefa da fenti ko banish, har cikin kwarmin. Ka bar shi ya sha iska aƙalla mako guda, sai warin ya fita sarai. Kada ka shafa baƙin mai ko kalanzir don tsoron gara. Tururinsu zai taru a cikin firam ya ɓata hoton.

Yankan taga

Ta bayan kati ake zana layi, da fensir. Ka sa wani kati a ƙasa don bakin reza ya sami inda zai nutse. Ka ɗora rular a kan gefen da kake so, ba a kan tsakiyar da za a zubar ba. In wuƙa ta kauce, sai ta ci abin da ba ka buƙata. Kada ka nemi ratsa katin da ja ɗaya. Ja uku ko huɗu marasa ƙarfi sun fi fitar da baki mai tsabta. In kusurwa ta ƙi saki, ka zura reza tsirara ka ƙarasa, kada ka fizga. Sabuwar reza ga kowace taga, wannan ba almubazzaranci ba ne, don dakusasshiya yagar kati take yi.

Akwai 'yar na'urar hannu, irin ta kamfanin Logan, da ke yanka bakin taga a karkace. Tana ƙara kyau ƙwarai. Amma miƙaƙƙen yanka mai tsabta ya fi karkataccen da ya yi ta rawa, kuma kariyar da suke ba hoto ɗaya ce.

Ɗora hoton

A nan nake so ka fi natsuwa. Wanke hannu da sabulu ka busar, ka riƙa kama hoton ta gefe. In tsoho ne wanda babu kwafinsa, ka kai a yi masa sikanin mai ƙarfi tukuna, ɗigo 600 a inci, ka adana a wuri biyu. In kuwa sabon bugu ne daga injin tawada, ka bar shi a buɗe aƙalla awa 24, in da hali kwana biyu ko uku. Tawadar tana ci gaba da fitar da tururi bayan ta bushe a hannu, kuma in ka rufe da wuri za ka ga hazo ya kwanta a cikin gilashin.

Ka haɗa katin taga da katin shimfiɗa da tef ta gefe ɗaya, su riƙa buɗewa kamar littafi. Ka sa hoton a ciki, ka rufe, ka gyara masa zama har ya yi maka. Ka ɗora wani abu mai ɗan nauyi a tsakiyarsa, da farar takarda a tsakani, sannan ka buɗe tagar.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta aljihun kusurwa, domin gam ba ya taɓa hoton ko kaɗan. Ka yanko siririyar takarda marar asid. Ka naɗo kai biyun zuwa ƙasa daga tsakiya, sai ta ba da aljihu mai kusurwa uku. Ka zura kusurwar hoton a ciki, ka manne fikafikan aljihun a jikin katin shimfiɗa. Huɗu za ka yi. Ka bar sararin milimita 1 don hoton ya samu wurin motsi, ka kuma duba cewa taga ta rufe aljihunan.

Ga babban hoto, ana rataye shi ne ta sama kawai, da guntayen tef biyu marasa asid. Kowanne, rabinsa ya kama bayan hoton, rabinsa ya leƙo sama, sai a gicciya wani guntun a kan wanda ya leƙo ya kama katin shimfiɗa. Gefe da ƙasa a bar su sake. Na san zuciya za ta raya maka ka manne ko'ina don ya kwanta lif. Kada ka biye mata. Takarda tana faɗaɗa da danshi, in an ɗaure ta ta ko'ina sai ta tattare ta yi tudu a tsakiya.

Salatif kuwa, da tef ɗin ɗaure kwali, da gam mai warin fetur na masu gyaran takalmi, da sufa-gulu, ko kusa kada su zo. Salatif yana bushewa ya faɗi, ya bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa takarda har gaba. Haka laminatin: zafi ne ke narka roba a jikin hoton, kuma ba ta ɓantaruwa sai da fatarsa. A yi wa kwafi, a bar na asali.

Rufewa

Lokacin da ka zaɓa yana da tasiri. Ranar da ake tafka ruwa iska cike take da danshi, in ka rufe firam a ranar ka kulle danshin a ciki. Tsakiyar hunturu kuma ƙura ce ba ta barin ka. Ka nemi busasshiyar rana, ka yi aikin da sassafe, taga a rufe, fanka a kashe, an goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma tun daren jiya.

Ka goge gilashi ciki da waje da sifirit da aka sirka da ruwa. A tsumma ake zubawa, kuma sai ya bushe ƙarau. Ka kwantar da allon baya, kati da hoto a kai suna kallon sama, ka sauke gilashin a hankali. Ka duba ta gefe, a cikin haske. Za ka ga ƙwayar ƙura ko zare, kusan kullum sai an gani. Ɗaga, share da burushi mai laushi, mayar. Ko sau biyar ne ka yi, don ɗigon da ka ƙyale yau shi idonka zai riƙa faɗawa a kai kullum.

In ya yi tsaf, ka zagaye bakin hawa biyar ɗin da tef, ya hau gilashi da milimita 3 kacal yadda kwarmi zai ɓoye shi, ya naɗo zuwa baya. Sun zama ƙunshi ɗaya ke nan, ƙura da ƙananan ƙwari ba su da hanya. Ka kifa firam a kai, ka juya. Ƙusoshin da za su riƙe baya, da filaya ake tura su, ba da guduma ba: baki ɗaya a kan ƙusa, ɗaya a wajen katako da kwali a tsakani, ka matse. Tazarar santimita 10 ta isa. Su riƙe, kada su danne. Sai ka bi tsagar da ke tsakanin allon baya da katako da faffaɗan tef na takarda.

Kafin ka rufe ɗin, ka rubuta da fensir a bayan katin shimfiɗa: su wane ne a hoton, ina ne, wace shekara. Biro yana ratsawa, kuma ba a bayan hoton ake rubutu ba. Muna da hotuna a gida da babu wanda ya rage da zai gaya mana ko su wane ne a ciki.

Rataya

Ka ɗaura zobba biyu da sukuru a gefen dama da hagu, kashi ɗaya cikin uku daga sama, ka haɗa su da waya mai ɗan sassauci. Igiyar zare tana ruɓewa, ita ce ta kayar da namu. A bangon siminti ka huda ka sa fisha da sukuru. A kusurwoyin ƙasa ta baya ka manna guntayen roba, ko daga tsohon silifa ne, don firam ya ɗan janye daga bango iska ta riƙa ratsawa. Gidajen nunin zane suna sa tsakiyar hoto ta kama wajen santimita 145 daga ƙasa, daidai ido. Mu mun saba kai shi can kusa da silin, inda zafi ke taruwa kuma ba mai ganin fuska sosai.

Ka guji bangon da rana ke duka ta taga, da wanda ruwan sama ke bugu ta waje, da wanda ya haɗa da banɗaki, da sabon shafen da bai gama bushewa ba. Ka nisanta shi da kicin da inda ake ajiye kaskon turaren wuta, domin hayaƙin yana kwanciya. Duk shekara in damina ta ɗauke, ka sauke shi ka juya baya ka duba: hanyar gara, garin katako, ɗigon fumfuna, ko tef da ya saki.

In kana da hoton da ya riga ya kama gilashi, kada ka ja, kada ka jiƙa, kada ka sa masa zafi. Ka goge gilashin ta waje, ka kai a yi sikanin sa a yadda yake, a buga maka sabo, ka haɗa wa sabon firam. Na asalin ka naɗe shi da gilashinsa tsakanin kati biyu masu tsabta, ka kwantar da shi a busasshen wuri. Ɓallin gilashin da ya tafi da hannayen mahaifina yana nan a cikin akwati, na naɗe shi tare da ragowar hoton, kwafin fuskar kuma yana bangon ɗakin mahaifiyarmu, bayan katin taga.